Bai wa makarantun gwamnati maki a Amurka: tsarin A zuwa F na jahar Teksas da rigimar da ta kai shi kotu

A jahar Teksas da ke kudancin Amurka, hukumar ilimi na bai wa kowace makarantar gwamnati da kowace gundumar makarantu harafi ɗaya a shekara, daga A zuwa F, kamar yadda malami ke bai wa ɗalibi maki. Harafin A na nufin aiki ya yi kyau ƙwarai, F kuma na nufin an faɗi. Manufar tsarin ita ce uwaye su san halin da makarantar ƴaƴansu ke ciki ba tare da sun karanta dogayen rahotanni ba. Sai dai daga 2023 zuwa 2025 tsarin ya tsaya cik, saboda ƙarar da gundumomi sama da 100 suka shigar. Sun ce hukuma ta canza ƙa'idojin awo ba tare da ta sanar da su kan lokaci ba. Wannan shari'a ta zama babban misali a muhawarar da ake yi kan yadda ya kamata a auna makarantu a fili, ba rufa-rufa.

Mece ce gundumar makarantu?

A Nijar gwamnatin ƙasa ce ke riƙe da makarantun boko ta hanyar ma'aikatar ilimi, da daraktocinta na jahohi, da sufetoci. A Amurka abin ya sha bamban. Kowace jaha ce ke da alhakin ilimin ƴaƴanta, ita kuma jahar ta raba aikin ga gundumomin makarantu, waɗanda yawansu a ƙasar ya kai kusan 13,000. Gunduma na iya zama ƙauye mai makaranta ɗaya, tana iya zama birni mai ɗaruruwan makarantu.

A Teksas mazauna gunduma ne ke zaɓen majalisar da ke gudanar da makarantunsu. Majalisar ce ke ɗaukar babban darakta, ta tsara kasafin kuɗi, ta kuma ƙayyade harajin gidaje da filaye da ake biyan wani kaso na kuɗin makarantu da shi. Jahar na da ɗalibai kusan miliyan 5 da rabi a makarantun gwamnati. Hukumar ilimin jahar, da ake taƙaita sunanta da TEA, ita ke sa ido a kansu daga birnin Ostin. Gwamna ne ke naɗa kwamishinan da ke shugabantarta. Mike Morath ya hau wannan kujera a farkon 2016.

Asalin tsarin

Tun a shekarun 1990 Teksas ke auna makarantunta bisa sakamakon jarabawa, amma da kalmomi ake bayyana matsayinsu a lokacin. Jahar Filorida ce ta fara amfani da haruffa a 1999, zamanin gwamna Jeb Bush, daga baya wasu jahohi suka bi sahu.

A Janairun 2002 shugaba George W. Bush, wanda tsohon gwamnan Teksas ne, ya sa hannu kan dokar tarayya da sunanta ke nufin kada a bar wani yaro a baya. Dokar ta wajabta wa jahohi jarraba yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji na 3 zuwa na 8, da kuma sau ɗaya a babbar sakandare. Ta kuma ce a riƙa bayyana sakamakon kowane rukuni daban: ƴaƴan talakawa, baƙaƙen fata, masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, naƙasassu, da masu koyon Turanci. Dalili shi ne kada kyakkyawan sakamakon mafi rinjaye ya rufe gazawar wasu. A Disambar 2015 shugaba Barack Obama ya sa hannu kan wata dokar, ESSA, wadda ta maye gurbin ta farko. Ta bar wa jahohi ƴancin tsara awonsu, amma ta ci gaba da tilasta musu wallafa rahoton kowace makaranta, har da kuɗin da ake kashewa kan ɗalibi ɗaya.

Majalisar dokokin Teksas ta amince da tsarin haruffa a 2015, ta gyara shi a 2017. Gundumomi sun samu harafinsu na farko a Agustan 2018, makarantu ɗai-ɗai kuma a 2019. A 2020 da 2021 ba a ba da maki ba saboda annobar korona. A 2022 an ba da A da B da C kawai, makarantun da suka kasa kai C aka bar su babu harafi.

Yadda ake lissafin makin

Ana auna makaranta ta fannoni uku, kowanne a kan maki 100.

Fanni na farko shi ne abin da ɗalibai suka iya. Ginshiƙinsa jarabawar jaha ce mai suna STAAR, wadda aka soma yi a 2012. Yaran aji na 3 zuwa na 8, wato masu shekara 8 zuwa 14, na rubuta karatu da lissafi kowace shekara, a wasu azuzuwan kuma a ƙara da kimiyya da zamantakewa. Ɗaliban babbar sakandare na rubuta darussa biyar. Sakamakon na da matakai uku na ci: wanda ya kusa kai matakin ajinsa, wanda ya kai, da wanda ya ƙware. Ana haɗa kason yaran da suka kai kowane mataki a raba gida uku. Ga babbar sakandare, jarabawar na da kashi 40 cikin 100 na wannan fanni, shirin shiga jami'a ko sana'a ko aikin soja na da kashi 40, yawan masu kammala karatu kuma kashi 20.

Fanni na biyu shi ne ci gaban makaranta, kuma ta hanyoyi biyu ake dubansa. Ta farko: shin yaro ya ƙaru daga bara zuwa bana? Ta biyu: yaya sakamakon makarantar yake idan aka kwatanta shi da na makarantun da yawan ƴaƴan talakawansu ya yi daidai da nata? Wadda ta fi maki a cikin biyun ake ɗauka.

Fanni na uku shi ne cike giɓi tsakanin rukunonin ɗalibai. A nan ake duba ko rukunonin da aka saba bari a baya suna kai maƙasudin da aka sa musu.

Wajen haɗa jimla, ana ɗaukar wanda ya fi yawa tsakanin fanni na farko da na biyu a ba shi kashi 70, fanni na uku kuma kashi 30. A ce wata makaranta ta samu 72 a na farko, 85 a na biyu, 78 a na uku. Za a ajiye 72 a gefe, a ɗauki 85. Kashi 70 na 85 shi ne 59.5, kashi 30 na 78 kuma 23.4. Jimla ta kama 83, harafinta B ke nan. Daga 90 zuwa 100 A ne, 80 zuwa 89 B, 70 zuwa 79 C, 60 zuwa 69 D, abin da bai kai 60 ba F. Doka ta kuma hana bai wa gunduma A muddin tana da makaranta ko da ɗaya ce mai D ko F.

Akwai wani mataki da yawancin uwaye ba sa gani. Alƙaluman da suka fito daga jarabawa ba su ne makin ƙarshe ba. Sai an juya su zuwa ma'aunin 100 ta amfani da iyakokin da kwamishina ya tsayar, wato adadin da za a kai kafin a ce an samu A ko B. Idan aka ɗaga iyakar, harafi na iya sauka ko da aikin makaranta bai ragu ba. A kan wannan gaɓar ce rigimar 2023 ta tashi.

Abin da harafin ke jawowa

Ana wallafa makin a shafin intanet na hukuma, jaridu da gidajen talabijin su yaɗa. Masu neman gida na duba harafin makarantun unguwa kafin su saya. Tunda jahar na bai wa gundumomi kuɗi ne gwargwadon yawan yaran da ke zuwa aji kullum, makarantar da uwaye suka guje mata tana rasa kuɗi.

Hukunci mafi tsanani na cikin wata doka ta 2015. Idan makaranta ɗaya ta faɗi shekara biyar a jere, wajibi ne kwamishina ya rufe ta, ko kuma ya sauke zaɓaɓɓiyar majalisar gundumar baki ɗaya ya naɗa wata. Abin da ya faru ke nan a birnin Hustan, gundumar da ta fi kowace girma a jahar. Babbar sakandaren Wheatley ta yi shekaru a jere tana faɗuwa. A ƙarshen 2019 kwamishina ya bayyana niyyar karɓe gundumar, yana kafa hujja da wannan makaranta da kuma wasu laifuffukan da aka tuhumi majalisar da su. Aka yi ta shari'a har kotun ƙolin jahar ta share masa hanya a Janairun 2023. A watan Yunin shekarar ya naɗa sabuwar majalisa da sabon babban darakta, Mike Miles. Masu adawa da matakin sun yi nuni da cewa gundumar kanta B take da shi a 2022, makarantar Wheatley kuma ta hau zuwa C a wannan shekarar.

Rigimar 2023

Hukumar TEA ta ce tana sabunta tsarin ne duk bayan shekara biyar, kuma 2023 lokacin ya yi. Canjin da ya fi ta da ƙura ya shafi shirin ɗalibai na shiga jami'a ko sana'a ko soja. A da, idan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka kammala sakandare sun cika wannan sharaɗi, makaranta na samun A a wannan ɓangare. Sabuwar ƙa'ida ta ɗaga adadin zuwa kashi 88. Alƙaluman da za a yi amfani da su kuwa na ɗaliban da suka kammala tun a 2022 ne, domin bayanan wannan ɓangare na zuwa a makare da shekara ɗaya. Yaran sun riga sun tafi, babu abin da makaranta za ta iya gyarawa. A ganin daraktocin gundumomi, wannan daidai yake da a canza tiya bayan an gama awon hatsi. An kuma sauya yadda ake fitar da makin gunduma: yanzu daga makin makarantunta ake tattaro shi, kowace gwargwadon yawan ɗalibanta.

A Agustan 2023 wasu gundumomi, ciki har da ta garin Kingsville, suka kai ƙara, daga baya yawansu ya haura 100. Sun dogara da sashen dokar ilimi da ya ce a kowace shekarar karatu kwamishina ya bai wa gundumomi takarda mai sauƙin fahimta da ke bayyana ma'aunai da hanyoyin da za a bi a wannan shekarar. A cewarsu, bayanin da ya zo bayan an rufe makarantu ba shi da amfani. Hukumar ta mayar da martani cewa ta daɗe tana tattauna canje-canjen da malamai da daraktoci, kuma tsohuwar iyaka ta yi ƙasa da yawa tunda makarantu masu yawa sun wuce ta. Ta kuma kafa hujja da wani sashen dokar da ya bai wa kwamishina damar tsayar da ma'aunai a kowane lokaci cikin shekarar karatu kafin a yi awon.

A Oktoban 2023 wata alƙaliya a Ostin ta dakatar da fitar da makin. Shari'ar ta koma wata sabuwar kotun ɗaukaka ƙara, ta 15, wadda aka kafa domin ƙararrakin da suka shafi gwamnatin jaha. A Afrilun 2025 kotun ta ce kwamishina bai wuce hurumin da doka ta ba shi ba, aka fitar da makin 2023 a cikin watan, kusan shekara biyu bayan yaran sun rubuta jarabawar.

Ƙara ta biyu: gyaran jarabawa da na'ura

An sake fasalin jarabawar STAAR a 2023. Ta koma kan kwamfuta, aka kuma ƙara tambayoyin da yaro zai rubuta amsa da kansa maimakon zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu. Gyaran irin waɗannan amsoshi na cin lokaci da kuɗi, don haka a 2024 hukumar ta ɗora yawancin aikin kan wata manhajar kwamfuta da aka horar da amsoshin da mutane suka gyara. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amsoshin ne mutane ke sake dubawa. Gundumar da ba ta gamsu ba na iya neman a sake gyara takarda kan dala 50, ba za ta biya ba idan makin ya ƙaru.

Wasu gundumomi sun lura yawan yaran da ke samun sifiri a rubutu ya ƙaru, suka zargi na'urar. Hukumar ta ce sabuwar ƙa'idar gyara ce ta fi tsauri. A Agustan 2024 aka sake shigar da ƙara, kotu ta sake dakatar da makin. Kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage dakatarwar a Yulin 2025, aka fitar da makin 2024 da na 2025 tare a watan Agusta. Ke nan daga 2019 har zuwa 2025 uwaye a Teksas ba su ga cikakken maki a kan kari ba. Wannan ne ya sa magoya bayan tsarin ke cewa ƙarar da aka shigar da sunan fayyace gaskiya ita ce ta bar jama'a cikin duhu.

Abubuwan da ake taƙaddama a kansu

Na farko lokaci ne: a sanar da ƙa'ida kafin a fara shekarar karatu, ko kuwa hukuma na da damar gyarawa a tsakiyar tafiya? Na biyu sauƙin fahimta. Harafi ɗaya kowa na gane shi, amma littafin da ke bayanin yadda aka kai ga harafin doguwar takarda ce cike da lissafi, gundumomi ma sai sun ajiye ƙwararru kafin su bi diddiginsa. Na uku damar bincike: shin wani daga waje zai iya maimaita lissafin, ko ya duba yadda na'ura ta gyara takardar yaro? Na huɗu adalci. Sanannen abu ne a binciken ilimi cewa sakamakon jarabawa na tafiya da arzikin gidan da yaro ya fito, don haka ƙananan haruffa sun fi taruwa a unguwannin talakawa. Fannin ci gaba an saka shi ne don rage wannan, masu suka kuma na cewa bai isa ba.

Akwai kuma haɗarin maguɗi idan makomar ma'aikata ta rataya kan alƙaluma. A birnin Atlanta na jahar Jojiya, binciken da gwamnatin jahar ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da daraktoci 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin yara bayan jarabawa. A 2015 kotu ta samu 11 daga cikin waɗanda aka gurfanar da laifi.

Hanyar Faransa

Faransa, wadda tsarin karatunta ya fi kama da na Nijar, ba ta bai wa makarantu harafi. Tun a shekarun 1990 ma'aikatar iliminta ke wallafa alƙaluman kowane lise duk shekara: kason waɗanda suka ci bak, kason waɗanda suka shiga ajin farko na lise suka kai ga samun bak a makarantar, daga baya aka ƙara kason masu ci da yabo. Kusa da kowane adadi ana sa adadin da ake tsammani daga makarantar, bisa shekarun ɗalibanta, da matsayin uwayensu, da makin da suka shigo da shi. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ke nuna abin da makarantar ta ƙara wa yara. Ma'aikatar ba ta jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, jaridu ne ke yin hakan.

Nan ma an je kotu. Ma'aikatar na da wani ma'auni na matsayin gidajen da ɗaliban kowace makaranta suka fito, wanda ake fitarwa daga sana'ar uwaye, amma ta ƙi bayyana shi don gudun kada uwaye su ƙaurace wa wasu makarantu. Wani ɗan jarida ya kai ƙara, a Yulin 2022 kotun harkokin mulki ta birnin Paris ta ba shi gaskiya, aka wallafa alƙaluman a watan Oktoba. Sun nuna a fili cewa makarantu masu zaman kansu sun fi ɗaukar ƴaƴan masu hali.

Yadda abin yake a Nijar

Nijar ba ta da tsarin bai wa makarantu ko sufetoci harafi. Abin da jama'a suka fi sani shi ne kason waɗanda suka ci jarabawar BEPC da ta bak, wanda hukumomi ke bayyanawa ƙarshen shekarar karatu, da kason da kowace makaranta ke alfahari da shi. Wannan adadi shi kaɗai yana da rauni iri ɗaya da wanda Faransa ta nemi gyarawa: ba ya faɗin yara nawa suka shiga ajin farko suka bari a hanya, kuma makarantar da ta tace ɗalibanta kafin jarabawa za ta fi wadda ta gabatar da kowa yawan kaso.

Ƙasar ta shiga binciken PASEC na ƙungiyar ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2014 da 2019. Binciken na gwada yaran farko da na ƙarshen firamare a harshe da lissafi, amma wasu zaɓaɓɓun makarantu yake ɗauka domin ya nuna halin ƙasa, ba ya bai wa kowace makaranta maki. A matakin unguwa da ƙauye kuwa, kwamitocin gudanar da makarantu da aka fi sani da COGES, waɗanda suka haɗa uwaye da malamai da darakta, su ne wurin da ake iya gabatar da sakamakon yara a gaban taron jama'a. Shirin Makaranta Don Kowa, da ya soma a jahar Tawa a 2004 da tallafin Japan, ya ƙarfafa zaɓen mambobin waɗannan kwamitoci da kiran taron gari, kafin a faɗaɗa salon zuwa sauran jahohin ƙasar.